Ƙwallon Amurka a Ranar Godiya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Al'adar Detroit da Dallas

Duk Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba, Amurkawa suna rufe ofisoshi da makarantu, su koma gidajen iyayensu, su ci abinci tare, sannan miliyoyinsu su zauna gaban talabijin suna kallon wasannin NFL, babbar gasar ƙwararru ta ƙwallon Amurka, tun daga tsakar rana har dare ya raba. Ga amsoshin tambayoyin da mai son fahimtar wannan al'ada zai iya yi.

Wace rana ce wannan Ranar Godiya?

Hutu ne na ƙasa baki ɗaya, wanda Amurkawa ke kira Thanksgiving, asalinsa kuwa godiya ce ga Allah bayan an kawar da amfanin gona. Suna danganta shi da wata liyafa da aka yi a shekarar 1621 a Plymouth, a jihar Massachusetts ta yanzu, tsakanin Turawan Ingila da suka sauka a gaɓar tekun da mutanen Wampanoag da suka tarar a wurin. Shugaba Abraham Lincoln ne ya ayyana Alhamis ta ƙarshe a Nuwamba a matsayin ranar godiya ta ƙasa a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa. A 1939 Shugaba Franklin Roosevelt ya dawo da ita mako guda kafin lokacinta domin 'yan kasuwa su sami ƙarin kwanakin cinikin Kirsimeti, wasu jihohi suka bi shi, wasu suka ƙi, har sai da majalisar dokoki ta yanke hukunci a 1941 cewa Alhamis ta huɗu ce.

Ba kowa ne ke murna a ranar ba. Tun daga 1970 wasu daga cikin 'yan asalin ƙasar suna taruwa a Plymouth su yi zaman makoki, domin tunawa da ƙasar da aka ƙwace wa kakanninsu da rayukan da suka salwanta bayan zuwan Turawa. Wanda zai ba da labarin wannan rana ya kamata ya faɗi wannan tun farko.

Wane irin wasa ake nufi? Ƙwallon ƙafa ne irin wanda muka sani?

A'a. Ya fi kama da zari-ruga, domin daga can ya samo asali, kuma hannu ya fi ƙafa aiki a cikinsa. Ƙwallon doguwa ce mai tsini a kai biyu. Kowane ɓangare yana da mutum 11 a fili, sanye da hular kwano da kariyar kafaɗa, filin kuma yadi 100 ne, da ƙarin yadi 10 a kowane ƙarshe, wanda shi ne gidan kowace ƙungiya. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta ci gaba da yadi 10, ko dai da gudu ko da jifa. In ta cika, a ba ta sabuwar dama huɗu, in ta kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Shiga gidan abokan hamayya da ƙwallo maki 6 ne, da damar ƙarin 1 ko 2, buga ta da ƙafa ta bi tsakanin sanduna kuwa maki 3 ne. An raba wasan kashi huɗu na minti 15, amma saboda yawan tsayar da agogo yakan ci sa'a uku ko fiye.

Ƙungiyoyi 32 ne a gasar NFL, kowacce kuma wasa 17 kacal take yi kafin zagayen kifa-ɗaya-ƙwala. Wannan ƙarancin wasanni shi ya sa kowane wasa yake da nauyi, musamman a ƙarshen Nuwamba, lokacin da aka fara gane masu tafiya da masu komawa gida.

Ta yaya wasa ya haɗu da ranar cin abinci da zumunci?

Ɗaliban jami'a ne suka fara, tun kafin a san da 'yan wasan da ake biya albashi. A 1876 jami'o'in Yale da Princeton suka kara a Ranar Godiya, kuma cikin 'yan shekaru wasan ya zama babban taron shekara a birnin New York. Dalilin bai da wuyar ganewa: a zamanin da ma'aikaci yake aiki kwana shida a mako, Lahadi kuma ta coci ce har wasu jihohi sun hana wasa a cikinta, wannan Alhamis na daga cikin ranaku ƙalilan da jama'a ke da sukunin zuwa kallo da rana. Makarantun sakandare suka ɗauka, har yau kuma akwai waɗanda ba su daina ba. Makarantun Boston Latin da English High suna karawa a wannan rana tun 1887.

Da aka kafa gasar ƙwararru a Canton ta jihar Ohio a 1920, wadda aka sa wa suna NFL a 1922, ta tarar da al'adar a ƙasa, sai ta bi sahu. A lokacin ana raina wasan ƙwararru, ana ganin na jami'a shi ne na gaske. Ranar Godiya ta 1925 ta taimaka wajen sauya wannan kallo, domin a ranar ne Red Grange, tauraron Jami'ar Illinois, ya fara buga wa Chicago Bears, kwanaki kaɗan bayan wasansa na ƙarshe a makaranta, mutum kusan 36,000 suka cika fili don su gan shi, duk da cewa an tashi ba wanda ya ci ko maki ɗaya. Shekara huɗu bayan nan, a 1929, Ernie Nevers na Chicago Cardinals ya ci maki 40 shi kaɗai a kan Bears, kuma har yau ba a sami wanda ya kai wannan adadi a wasa guda ba.

To, me ya sa kullum Detroit ce ke karɓar wasan farko?

Saboda dabarar wani ɗan kasuwa mai suna George A. Richards. A 1934 ya sayi wata ƙungiya daga ƙaramin garin Portsmouth na Ohio, ya dawo da ita Detroit, ya sa mata suna Lions, wato Zakuna. Sai ya tarar mutanen garin hankalinsu na kan ƙungiyar Tigers ta wasan baseball, wanda ake buga ƙwallo da sanda, 'yan kallon Lions ba su taka kara sun karya ba, alhali ƙungiyar tasa tana cin wasa. Richards yana da abin da sauran masu ƙungiyoyi ba su da shi, wato gidan rediyon WJR da kuma sanayya da manyan masu harkar rediyo. Ya shirya wasa a Ranar Godiya da Chicago Bears, masu riƙe da kofi waɗanda ba a ci su ko sau ɗaya ba a shekarar, ya kuma shawo kan kamfanin NBC ya watsa wasan kai tsaye ta tashoshi 94 a faɗin ƙasar.

Tikiti 26,000 na filin Jami'ar Detroit suka ƙare tun kafin ranar, aka mayar da mutane da yawa daga bakin ƙofa. Bears suka yi nasara da maki 19 da 16, amma Richards ya sami abin da yake nema, domin daga ranar garin ya san yana da ƙungiya. An ci gaba har 1938, aka tsaya daga 1939 zuwa 1944 saboda rikicin sauya ranar da kuma Yaƙin Duniya na Biyu, sannan aka dawo a 1945. Tun daga wannan shekara ba a taɓa tsallake ko ɗaya ba, duk da cewa ƙungiyar ta sauya fili daga filin Tigers zuwa Silverdome da ke Pontiac a 1975, sannan zuwa Ford Field a tsakiyar birni a 2002.

Tsakanin 1951 da 1963 Green Bay Packers ce baƙuwar Detroit kowace shekara, kuma waɗannan shekaru ne suka yi daidai da shigar talabijin gidajen Amurkawa. Yaran da suka tashi a lokacin sun taso suna ganin Zakuna a allo yayin da ake gasa talotalo a kicin, suka girma suka koya wa 'ya'yansu haka.

Dallas fa, yaushe ta shigo?

A 1966. Hukumar gasar tana son ƙara wasa na biyu saboda talabijin, amma yawancin ƙungiyoyi suna jan ƙafa, suna tsoron cewa mutane ba za su bar teburin abinci su fito ba. Tex Schramm, babban manajan Dallas Cowboys, ƙungiyar da ba ta wuce shekara shida da kafuwa ba, ya ga damar da wasu ba su gani ba, ya karɓa. Mutum 80,259 suka shiga filin Cotton Bowl, Dallas ta doke Cleveland Browns da maki 26 da 14. Sau biyu kawai aka karɓe wasan daga hannunta, a 1975 da 1977, aka kai St. Louis. Mai masauƙin ta sha kashi a duka biyun, na biyun ma da maki 55 da 14 a hannun Miami, wasan bai karɓu ba, sai aka mayar wa Dallas daga 1978, kuma yana hannunta har yau. Babu shakka wannan fitowa a gaban ƙasa baki ɗaya kowace shekara na daga cikin abubuwan da suka tara wa Cowboys magoya baya a jihohin da ke nesa da Texas.

Tun 1997 ana amfani da hutun rabin lokaci na wasan Dallas wajen buɗe gangamin tara sadaka na ƙungiyar agaji ta Salvation Army, wadda ake sanin masu karɓa mata da jan tukunyar da suke ajiyewa a bakin shaguna har zuwa Kirsimeti.

Wasa nawa ake yi yanzu?

Uku. An ƙara na dare a 2006, kuma shi ba shi da mai masauƙi na dindindin, yana zagayawa. Na farkon an yi shi a Kansas City, inda Chiefs ta doke Denver Broncos da maki 19 da 10. Mai ƙungiyar Chiefs, Lamar Hunt, ya daɗe yana neman a buɗe wa sauran garuruwa wannan ƙofa, amma yana kwance a asibiti lokacin da burin nasa ya cika, ya kuma rasu a watan Disamba na shekarar. Tashoshin CBS da Fox ne ke raba wasannin rana biyu, NBC kuma ke nuna na dare tun 2012. A 2020 annobar korona ta sa aka ɗage wasan dare tsakanin Baltimore da Pittsburgh, aka yi biyu kawai.

Shin adalci ne ƙungiyoyi biyu su riƙe ranar, musamman Detroit da ta daɗe tana shan kashi?

Wannan ita ce muhawarar da ke tasowa duk lokacin da Zakuna suka yi rauni, kuma sun yi rauni na dogon lokaci. Rabonsu da kofin gasar tun 1957, ba su kuma taɓa zuwa wasan ƙarshe na Super Bowl ba. Daga 2004 zuwa 2012 sun sha kashi a Ranar Godiya sau tara a jere. A 2008, shekarar da suka yi wasa 16 ba su ci ko ɗaya ba, Tennessee ta lallasa su da maki 47 da 10 a gaban ƙasa baki ɗaya, masu sharhi da yawa suka ce lokaci ya yi da za a karɓe wasan a riƙa zagayawa da shi. Akwai kuma ƙorafin cewa masu masauƙin biyu suna da fifiko, tunda ba su taɓa yin tafiya a wannan gajeren mako, alhali wata ƙungiyar, Jacksonville Jaguars, ba ta taɓa buga wasa a ranar ba.

Ƙorafin yana da tushe, amma a ganina karɓe wasan daga Detroit kuskure ne. Lokacin da ranar ba ta da kasuwa, su ne suka riƙe ta. A shekarun da masana'antun mota suke rage ma'aikata, jama'a suna ƙaura daga birnin, har gwamnatin birnin ta bayyana fatara a 2013, mutanen Detroit ba su daina fitowa cikin sanyin Nuwamba ba, su kalli faretin safe a titin Woodward, wanda aka fara tun 1924, sannan su wuce fili. Uban da kakansa ya kai shi wannan wasa yana ƙarami, yau shi ne yake riƙe da hannun jikansa a bakin ƙofa ɗaya. Wanda ya yi noma da rani bai kamata a kore shi ranar girbi ba. Ƙara wasan dare ya riga ya ba sauran garuruwa rabonsu ba tare da an taɓa na Detroit da Dallas ba.

Yaya ake kallon wasan a cikin gida?

Da wuya a ga gida ya yi shiru yana kallo kamar yadda ake kallon wasan ƙarshe. Talabijin na kunne a falo tun safe, an fara da faretin da babban shagon Macy's ke shiryawa a New York, sannan wasan Detroit ya shigo daidai lokacin da talotalo ke cikin tanda, ana kwaɓa dankali, ana jiran baƙin da ke kan hanya. Wasu gidajen suna tsara lokacin cin abinci ne tsakanin ƙarshen wasan farko da farkon na biyu. Kafin wasan Dallas ya yi nisa an ƙoshi, tsofaffi sun fara gyangyaɗi a kujera, yara sun fita tsakar gida da ƙwallo suna kwaikwayon abin da suka gani. Ga dangin da ba su haɗuwa sai shekara-shekara, waɗanda wani lokaci siyasa ta raba kawunansu, wasan yana ba su abin hira da ba ya kawo faɗa. Wannan ya sa mutanen da ba su kallon wasa a sauran ranaku suke kallo a ranar. Wasan Dallas da New York Giants na 2022 ya sami masu kallo kimanin miliyan 42, adadin da a lokacin ba a taɓa samu ba a wasan da ba na kifa-ɗaya-ƙwala ba.

Mene ne labarin cinyar talotalo da ake ba 'yan wasa?

John Madden ne ya kawo ta. Tsohon kocin Oakland Raiders ne wanda ya ci Super Bowl, sannan ya koma sharhi a talabijin ya shafe shekaru kusan talatin. A 1989 ya fara ba gwarzon wasa gasasshiyar cinyar talotalo a maimakon kofi, Reggie White na Philadelphia Eagles ne ya fara karɓa, ya ci ta a gaban kyamara. Daga baya Madden ya tallata wani girki na jihar Louisiana, inda ake zare ƙashi a cusa kaza cikin agwagwa, a cusa agwagwar cikin talotalo a gasa su tare. Ya rasu a Disamba 2021, kuma daga 2022 hukumar gasar ta sa wa wasannin ranar sunansa.

Waɗanne wasanni ne aka fi tunawa da su?

Na 1993 a Dallas shi ne ba ya fita daga bakin mutane. Filin Texas Stadium yana da rufi mai buɗaɗɗen tsakiya, ƙanƙara ta zuba ta rufe ciyawar, abin da ba a saba gani ba a garin. Saura daƙiƙa 15 a tashi, Dallas na gaba da maki 14 da 13, Miami ta zo bugun maki uku, aka tare ƙwallon. A doka, da 'yan Dallas sun ƙyale ta, wasa ya ƙare da nasararsu. Ƙwallon ta gangara kusa da gidansu tana juyawa a kan ƙanƙara, 'yan wasan Dallas suna ɗaga hannu suna ihu kada kowa ya taɓa, 'yan Miami sun kewaye ta suna kallo ba su da abin yi. Sai ga Leon Lett, ƙaton mai tsaron baya, ya taho a guje, santsi ya ɗebe shi, ƙafarsa ta taɓa ta. Miami ta danne ƙwallon, ta sake bugawa daga kusa, ta ci 16 da 14. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, Dallas ba ta ƙara faɗuwa ba a wannan kaka har ta ɗauki Super Bowl, Miami kuwa ba ta ƙara cin wasa ba.

A 1962 Detroit ta kayar da mai jefa ƙwallon Green Bay, Bart Starr, sau 11 kafin ya jefa, ta ci 26 da 14, kuma wannan ne kaɗai wasan da Packers ta faɗi a shekarar. A 1974 wani sabon yaro mai suna Clint Longley ya shigo bayan Roger Staubach ya ji rauni, ya jefa ƙwallon yadi 50 ga Drew Pearson a ƙarshen wasa, Dallas ta doke Washington 24 da 23. Shekarar 1998 ta bar abu biyu: Randy Moss na Minnesota ya cafe ƙwallo sau uku kacal a Dallas, duka ukun kuma ya shiga gida da su, jimillar yadi 163, a Detroit kuma aka sami saɓani wajen jefa kwabon ƙarin lokaci tsakanin alƙalin wasa da Jerome Bettis na Pittsburgh kan ɓangaren da ya zaɓa, lamarin da ya sa aka sauya doka, yanzu sai an faɗi zaɓi kafin a jefa.

Su 'yan wasan, yaya suke ji da wasa ranar Alhamis?

Nan ne al'adar take da tsada, kuma jikin 'yan wasa ne ke biya. Wasan karo ne. Mutum mai nauyin kilo fiye da ɗari yana cin karo da irinsa sau da dama a yini guda. A ƙa'ida mako guda ake samu tsakanin wasa da wasa, amma wanda ya buga ranar Lahadi zai sake bugawa Alhamis kwana uku kawai yake da su a tsakani, baƙi kuma har da tafiya a ciki. 'Yan wasa da dama sun fito fili sun ce jikinsu bai gama warwarewa kafin Alhamis, kuma tun da bincike ya nuna illar yawan buguwar kai ga ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan wasa, wannan magana ta ƙara nauyi. Gaskiya ne suna samun hutun kwana tara ko goma bayan wasan, da yawansu kuma suna alfahari da fitowa a ranar da suka taso suna kallo. Duk da haka ina ganin ya dace masu tsara jadawali su riƙa sassauta wa ƙungiyoyin da za su buga, ko da hakan zai rage wa tashoshi wani abu. Haka kuma a tuna da masu gadi da masu shara da masu sayar da abinci a filayen, waɗanda suke wuni a wajen aiki yayin da iyalansu ke cin abincin shekara.

Na ji ana wasa washegari ma, haka ne?

Haka ne, tun 2023, a Juma'ar da ake ruguntsumin sayayya. Kamfanin Amazon ne ke nuna shi ta intanet, na farkon kuma Miami ta doke New York Jets da maki 34 da 13. Ana fara shi da ƙarfe uku na rana agogon New York saboda wata doka ta shekarun 1960 da ta taƙaita nuna wasan ƙwararru a daren Juma'a da ranar Asabar a wannan lokaci na shekara, domin kare wasannin sakandare da na jami'a.

Akwai 'yan Afirka da suka taka rawa a waɗannan wasanni?

Akwai. Ezekiel Ansah, haifaffen Accra wanda bai san wasan ba sai da ya je jami'a a Amurka, ya buga wa Detroit daga 2013 zuwa 2018, kuma a Ranar Godiya ta 2015 ya addabi mai jefa ƙwallon Philadelphia a wasan da Zakuna suka ci 45 da 14. Romeo Okwara, wanda aka haifa a Legas, shi ma ya yi shekaru a layin tsaron Detroit.

Da ƙarfe nawa wanda ke Najeriya ko Nijar zai iya kallo?

A ƙarshen Nuwamba agogonmu yana gaban na New York da sa'a shida, na Ghana kuma da sa'a biyar. Wasan Detroit yana farawa ne da tsakar ranarsu, wato tsakanin shida da rabi da bakwai na yamma a Kano ko Zinder, daidai bayan magariba. Na Dallas yana farawa da goma da rabi na dare, na ukun kuwa sai wajen biyu da minti ashirin na dare, ya kai kusan asuba. Wanda zai gwada kallo karon farko ya fara da na Detroit, ya sa ido kan layin rawaya da ake zanawa a allon talabijin, domin shi ne ke nuna inda masu ƙwallo suke son kaiwa kafin damarsu huɗu ta ƙare.